Ƙarshen Fim ɗin da Kaka Ba Ta Gani Ba

A gidanmu na Agege babu mai hura wuta don jin ɗumi, zafin Legas ya ishi kowa. Wutar da muka taso muna kewayewa ta sana'a ce. Kakata ta wajen uba, Hajiya Delu, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida tun daga la'asar har a kira sallar isha'i. Maƙwabtanmu Yarbawa Iya Alakara suke ce mata, wato mai ƙosai, mu kuwa jikoki Kaka kawai muka sani. A unguwar aka haife ta. Fataucin goro ne ya kawo mahaifinta daga Kano bai koma ba, shi ya sa Yarbanci ya zauna a bakinta daram. Tana iya yin ciniki da direban danfo, motar hayar Legas, da Yarbanci, ta juyo ta yi mana faɗa da Hausa, idonta bai bar kan kasko ba.

Idan ƙullu ya ƙare sai ta sauke kaskon, ta bar garwashin yana ci a hankali. A lokacin ne muke hawa bencin masu saye, ni da ƙanena Nuhu da 'ya'yan baffanmu su uku. Sau da yawa an ɗauke wutar lantarki, layin ya yi duhu, ba ka ganin komai sai fitilun masu shayi da jan garwashin Kaka. Takan raba mana gutsattsarin ƙosan da suka rage a matsami, ta goge hannu da gefen zane, sannan ta gyara zama.

Akwai mutum ɗaya da kullum yana wurin amma ba ya cikin da'irarmu, wato Baba Tanko, ƙanen Kaka. Gyaran agogo da rediyo yake yi a wani ɗan tebur da ke jikin zaure. Ƙafarsa ta hagu a karkace take, ta fi ta dama gajarta, ba ya tafiya sai da sanda. Ya taɓa aure, matar ta rasu ba su haihu ba, ya dawo ɗakin da ke kusa da na Kaka. Mun taso mun ga ba a zuba wa kowa abinci a gidan sai an cire nasa, kuma ita da kanta take kai masa. Idan ya yi tari cikin ɗaki sai ta bar kasko a kan wuta ta leƙa shi. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ita da har mahaifinmu mai gemu take yi wa tsawa. Mu yara ba mu taɓa tambayar dalili ba. Haka muka tarar da abin.

Kaka ta iya tatsuniyoyin kura da zomo kamar kowace tsohuwa, amma ba su muke roƙo ba. Wadda muke so ita ce ta dodon da ya faɗo daga sama. Ba daga bakin tsofaffi ta same ta ba, a silima ta gan ta. Tana yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana tallan gyaɗa a ƙofar wani gidan silima da ke kusa da layin dogo, irin mai katanga babu rufi, ana zama a kan benci ana kallon farin bango. Mai tsaron ƙofa yakan bar ta ta shiga idan ta cika masa hannu da gyaɗa. Finafinan lokacin baƙi da fari ne, da Turanci, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Abin da idonta ya gani ta ɗauka, sauran ta cike da nata.

Ba ta fara wannan tatsuniya yadda ake fara sauran. Sai ta ɗaga matsami ta nuna sama ta ce, "Ga ta can tana saukowa."

Mu amsa, "Ta sauko mu tare ta."

A wani gari na Turawa, in ji Kaka, wani dare aka ga abu kamar kwanon sha a kife ya tsaga sama ya faɗa gonar wani tsoho. Da safe karnuka suka ƙi haushi, shanu suka ƙi kiwo. Wani Bature mai tabarau, wanda ya fi kowa ilimi a garin, ya je ya duba, ya dawo yana ta magana babu mai saurarensa. Da rana ta faɗi sai abin da ke cikin kwanon ya fito. Ba nama yake ci ba, ba jini yake sha ba. Haske yake sha. Duk gidan da ya gitta, fitilarsa ta mutu. Motar da ta haska shi, ta tsaya. Sojoji suka zo da manyan bindigogi, wutar bakin bindigar ma ya lashe, ya ƙara girma. Ba wanda ya ga fuskarsa, sai inuwarsa a bango da hannuwa masu kama da saiwar rogo.

Idan ta zo nan takan rage murya, mu kuma mu matso har gwiwoyinmu su ji zafin murhu. Idan an yi sa'a aka ɗauke wuta daidai lokacin, 'yar baffanmu Asabe takan ce, "Ya iso Agege," mu ƙanƙame juna muna dariyar tsoro.

A garin akwai wata yarinya da ƙanenta. Da mutane suka fashe da gudu, yarinyar ta kama hannun yaron, ta ɗaure shi da bakin zanenta. Aka ture ta, aka take mata ƙafa, ba ta sake shi ba. Ta ɓoye garwashi guda a cikin tukunya mai murfi, suka bi duhu har bakin ruwa. Ta ɗora tukunyar a kwalekwale, ta buɗe murfin, ta tura shi tsakiyar ruwa. Dodon da ya shanye hasken gari duka bai ƙoshi ba, ya hango ɗan jan nan, ya bi shi, ruwa ya rufe kansa.

Ba kullum ƙarshen yake zama haka ba. Wani dare rijiya ce, wani dare jirgin ƙasa ne ya tafi da garwashin dodon ya bi shi har abada. Na taɓa ce mata, "Kaka, jiya ba haka kika ce ba." Ta ce, "Ƙawata, ni ban ga ƙarshen ba, fita na yi. Duk wanda na ba ku ku karɓa." Abu ɗaya ne ba ya canzawa: yarinyar ba ta sakin hannun ƙanenta. Daga nan sai ta rufe da cewa, "An kunna fitila, kowa ya nemi takalminsa," mu watse.

Ina da shekara tara lokacin da abin ya faru. Ranar wata Laraba aka aike ni kai markaɗen wake, Nuhu ya sa kuka sai ya bi ni. Shekararsa huɗu. Injin yana cikin kasuwar da ta rungume layin dogo, inda masu tumatir da barkono ke shimfiɗa kaya har kan ƙarfen. Muna dawowa, bokitin ƙullu a kaina, hannun Nuhu a hannuna, sai jirgi ya yi ƙara. Nan take kasuwa ta motsa, kowa na janye kayansa, mutane suka matso mu jikin wata rumfa. Wani mai ɗauke da buhu ya bangaje ni, bokitin ya karkata, na kai hannu biyu na tare shi. Da jirgin ya gama wucewa na duba gefena, babu Nuhu.

Ban san sau nawa na zagaya kasuwar nan ina kiran sunansa ba. Daga ƙarshe na ruga gida, ƙullu na zuba a wuyana. Mahaifinmu ya bar shagonsa, samarin layi suka bazu, wasu a kan baburan okada. Sai bayan la'asar aka same shi a rumfar wata Bayarbiya mai sayar da burodi. Ta gan shi yana yawo shi kaɗai, ta zaunar da shi a kan cinyarta ta ba shi burodi da ruwa, tana jiran mai nema. Ko kuka bai yi ba.

Mahaifinmu ya yi hamdala ya ce a bar maganar. Mahaifiyata ta rungume mu duka biyun. Kaka ce ta tsaya a gabana, bokitin yana ajiye a tsakaninmu, ta tambaye ni, "Ya aka yi ya ɓace?"

Na ce, "Bokitin ne zai faɗi, na tare."

"Kika saki hannunsa."

"Eh."

Ta ɗauke ni da mari. Ba ta taɓa dukan jika ba, ni kuwa ni ce ƙawarta, ni ke kwana a ɗakinta. Zafin marin bai kai abin da ya biyo baya ba. Ta daina yi mini magana. Na gaishe ta, ta amsa wa bango. Ta mayar da tabarmata ɗakin mahaifiyata. Da yamma ta sauke kasko ta watsa wa garwashi ruwa, babu tatsuniya. Haka ranar Alhamis. Na daina cin abinci sosai, ina laɓewa a bayan tankin ruwa ina kuka, ina ganin Kaka ta gama da ni ke nan.

Ranar Juma'a da yamma ba ta kashe garwashin ba. Yara suka hau benci, ni na zauna a can ƙarshe inda haske bai kai ba. Ba wanda ya roƙe ta, ita ta fara, kuma ba ta nuna sama da matsami ba. Ta bi labarin da sauri, kwanon da ya faɗo, sojoji, fitilu suna mutuwa. Da ta zo wurin gudu sai ta ce, "Yarinyar tana ɗauke da tire a kanta. Aka ture ta, tiren zai faɗi. Sai ta saki hannun ƙanenta ta tare tire. Ta fita da gyaɗarta ba ko ɗaya da ta zube, ta bar ɗan'uwanta a baya, dodo ya same shi."

Na san da ni take, na sa fuskata a cikin gwiwa. Amma ko a lokacin ban gane abin da ya kawo gyaɗa cikin garin Turawa ba.

Sai muka ji ƙarar sanda a kan siminti. Baba Tanko ne ya taso daga teburinsa, abin da bai taɓa yi ba a lokacin tatsuniya. Ya jawo ƙafarsa har bakin murhu, Asabe ta matsa masa, ya zauna.

Ya ce, "Yaya, ba haka aka yi ba."

Kaka ta ce, "Tanko, koma ka zauna. Da yara nake."

"Ai ni ne yaron. Ina da bakin magana." Ya juyo gare mu. "Ranar da kakarku ta ga fim ɗin nan tare muke. Shekarata shida. Ana cikin kallo fitilar wata mai talla ta kife a baya, wani ya yi ihun gobara da Yarbanci, daidai lokacin da dodon ya fara juyowa. Mutane suka yi kan ƙofa, ƙofar kuwa guda ɗaya ce. A nan benci ya faɗo mini a ƙafa, aka bi ta kansa. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ga yadda ta warke."

Kaka ta ce, a hankali, "Na sake ka. Na faɗa wa Babanmu tun a daren, na sha dukana."

"Ba ki sake ni ba. Riƙon da kika yi mini har sai da farcenki ya shiga fatata. Ni na murɗe hannuna na zare." Ya ɗaga hannun damansa ya nuna yadda ya yi, kamar mai cire awarwaro. "Tun farkon fim ɗin ake ɓoye fuskar abin nan. Ga shi zai juyo, ke kuma kina ja na waje. Na ce wallahi sai na gani. Na zare na koma ciki. Tiren da kike ta faɗa, bayan na tafi kika tare shi."

Garwashi ya yi ƙara, wani danfo ya wuce a bakin titi yaron motar yana kiran fasinja. Sannan Kaka ta ce, "Shekara nawa yau, Tanko?"

"Da yawa."

"Kana ji Baba yana dukana."

"Ina ji. Tsoro ya hana ni magana." Ya nuna ni da haɓa. "Amma ba zan zauna ina kallo ki ɗora wa yarinyar nan kayan da ke ma ba naki ba ne."

Nuhu, wanda bai san ana wata magana mai nauyi ba, ya ja rigar Baba Tanko ya ce, "To ka ga fuskar?"

Baba Tanko ya yi dariya har da tari. Ya ce ya gani. Mai haska fim yana can cikin ɗakinsa a sama bai san an watse ba, fim ya ci gaba, wutar ma tuni wani ya take ta da ƙafa. Shi kaɗai ya rage a filin, yana kwance benci a kan ƙafarsa, yana kuka yana kallo har aka gama.

Kaka ta share ido da bakin mayafi. Ba ta kalle shi ba ta ce, "Yaya fuskar take?"

"Kamar kwaɗon da aka taka. Kuma ina jin mutum ne a cikin rigar roba, don da ya faɗi na ga tafin takalmi."

"Ƙarshen fa?"

"Baturen nan mai tabarau ya haɗa wani inji, aka kunna, abin ya yi kuka kamar akuya ya faɗi. Sai Baturen ya rungume wata mata, rubutu ya fito."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya."

Ta yi tsaki ta ce, "Ashe nawa ya fi daɗi." Daga nan ta miƙo hannu cikin duhu inda nake, ta ce, "Saude, zo nan ƙawata." Na zo na faɗa jikinta, zanenta yana ƙamshin mai da hayaƙi. Ba ta ce in yi haƙuri ba, tsofaffin lokacin ba su saba da haka ba. Ta dai shafa kuncin da ta mara, ta ce wa Asabe ta je ta ɗauko tabarmata ta mayar inda take a da.

Washegari da safe muka ji abin da ba mu taɓa ji ba: Kaka tana yi wa Baba Tanko faɗa. Wai ya bar rediyoyin mutane sun cika zaure, ƙura ta rufe su, shi ba ya gyarawa ba ya mayarwa. Shi kuma yana ramawa, yana cewa hayaƙin ƙosanta ne ke kashe masa agoguna. Mahaifinmu ya tsaya da buta a hannu yana kallonsu baki buɗe. Daga ranar har ƙarshen rayuwarsu ba su daina wannan cacar baki ba, kuma ban taɓa ganin Baba Tanko cikin walwala kamar a shekarun nan ba.

Tatsuniyar ta ci gaba, sai dai ta zama ta mutum biyu. Kaka tana bayarwa, shi yana gyara mata daga teburinsa, ta ce ya yi mata shiru ai ba shi aka tambaya ba. Yaron cikin labarin ya koma mai taurin kai, wani dare ma shi ke tura kwalekwalen.

Yanzu na haura arba'in, ina koyarwa a wata makarantar firamare a Ojo, nan cikin Legas. Inda murhun Kaka yake an yi shagon sayar da kayan waya. Na sha neman fim ɗin a wayata cikin tsofaffin finafinan nan baƙi da fari, na ga dodanni iri-iri, masu ido ɗaya, masu ƙaton kai, duk abin dariya a idon yaran yau. Ban gane wanne ne nata ba, kuma ina zaton ko na same shi ba zan shaida shi ba, don rabin abin da ta ba mu ba a bango ta gan shi ba.

Ina yarinya na ɗauka darasin shi ne ka riƙe hannun ƙanenka da kyau. Da na girma kaɗan sai na ga kamar darasin yana wajen Kaka, matar da ta yanke wa kanta hukunci tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa tambayar mutum ɗaya tilo da ya san gaskiya ba, alhali yana ɗakin da ke jikin nata. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna game da shi kansa Baba Tanko. Tsoron duka na yaro ne. Me ya rufe bakin babban mutum mai furfura?

Na samu amsar bayan rasuwar Kaka, ina aji biyu a kwalejin horar da malamai. Ranar sadakar bakwai, da mutane suka ragu, na kai masa abinci ɗakinsa na zauna. Na yi masa tambayar kai tsaye. Ya ajiye cokali a cikin kwano.

Ya ce, "Saude, ki dube ni. Gurgu, ba mata, ba ɗa. Duk duniya mutum ɗaya ce ke tashi idan na yi tari. Na ɗauka laifin da take gani ta yi ne ya sa take riƙe da ni. Na ce idan na cire mata shi, me zai rage?"

Na ce, "Amma ka faɗa."

"Na faɗa, saboda ke. Daren nan ban runtsa ba, ina lissafin inda zan koma. Da asuba sai ga ta da kokona kamar kullum, tana zagina a kan rediyo." Ya yi murmushi, hawaye na bin gemunsa. "Shekara goma sha ɗaya muka yi bayan nan. Su ne kawai shekarun da na san don ni take yi."

Bai cika shekara a bayanta ba. Har yau idan na tuna su, ba ƙafarsa nake jin tausayi ba, ba kuma marin da na sha ba. Shekarun da suka gabaci goma sha ɗayan nan nake tunawa, mutum biyu a gida ɗaya, katanga ɗaya a tsakaninsu, ita tana ganin ba ta cancanci ya yafe mata ba, shi yana ganin bai cancanci a so shi haka kawai ba. Dukansu sun yi kuskure, kuma da ɗayansu ya yi magana da wuri, da sun sani tun suna da ƙuruciyar da za su more shi.